Ta Ina Zan Fara Karatun Tsokoki da Jijiyoyi Domin Gwajin EMG?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni likita ne mai neman ƙwarewa a fannin cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, kuma kwanan nan aka tura ni ɗakin gwajin EMG, wato gwajin da ake soka siririyar allura a tsoka domin auna saƙon lantarkinta. Na haddace sunayen tsokoki tun ina jami'a, amma da zarar an kwantar da majiyyaci an miƙo mini allura sai in rasa tsokar da zan fara da ita, in na gama kuma in kasa faɗin inda matsalar take. Ta ina zan kama?

Amsa: Wa alaikumus salam. Haddar da ka yi ba ta tafi a banza ba, sai dai an tsara ta ne domin amsa tambayar jarrabawa, wato daga ina tsoka ta taso kuma a ina ta kama ƙashi, alhali ɗakin EMG wata tambaya yake yi: a wane wuri ne saƙo ya katse tsakanin laka da tsoka? Saboda haka kowace tsoka kana bukatar sanin abu uku a kanta: jijiyar da take ba ta saƙo, saiwar laka da wannan saƙo ya fito daga gare ta, da kuma daidai inda reshenta ya rabu da uwar jijiyar. Aikin ya yi kama da na mai gyaran wutar lantarki, wanda yake bin unguwa yana lura da gidajen da aka ɗauke wa wuta da waɗanda suke da ita, har ya gane a wace falwaya wayar ta tsinke.

Ka fara da hannu. Saiwoyin laka biyar, daga C5 zuwa T1 (C na nufin saiwoyin wuya, T kuma na bayan ƙirji, lambar tana nuna matakin da kowace ta fito), suna haɗuwa tsakanin wuya da hammata su yi kututture uku: na sama daga C5 da C6, na tsakiya daga C7, na ƙasa daga C8 da T1, kuma daga wannan saƙa ce jijiyoyin midiyan, alna, rediyal da sauransu suke fitowa. Ka riƙa zana ta da hannunka kullum har ka daina duba littafi, daga nan ka koyi tsokoki biyu-biyu, ta hanyar haɗa waɗanda suka yi tarayya a saiwa amma suka bambanta a jijiya. Tsokar tudun babban yatsa, wadda take ɗaga shi daga tafin hannu, ta midiyan ce. Tsokar da take cike tsakanin babban yatsa da manuni ta bayan hannu kuwa ta alna ce. Amma duka biyun C8 da T1 ne tushensu. Idan ta farko kaɗai ta lalace, hankalinka ya tafi ga midiyan, galibi a wuyan hannu, sai ka duba tsokar damtse mai kifa tafin hannu, domin reshenta ya fita tun a gwiwar hannu, bai kamata matsewar wuyan hannu ta shafe ta ba. Idan kuwa duka biyun sun lalace, da wuya a ce jijiya ɗaya ce, sai ka ƙara tsokar da take miƙe manuni, wadda rediyal ke ba ta saƙo kuma tana da rabo a C8. In ita ma ta taɓu, to matsalar tana can sama, ko a kututturen ƙasa ko a saiwar kanta.

A nan ne abubuwa biyu suke raba gardama. Tsokokin da suke gefen ƙashin baya suna samun reshensu da zarar jijiya ta fito daga ƙashin, kafin a kai ga saƙar, don haka lalacewarsu tana nuna saiwa. Na biyu shi ne gwajin jijiyoyin ji: ƙwayoyin da suke raya waɗannan jijiyoyi suna zaune ne a wani ƙulli a bakin ƙofar ƙashin baya, kuma faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya idan ya zame yakan danne saiwa ne ta ɓangaren laka, kafin a kai ga wannan ƙulli. Shi ya sa za ka ga mutum yana kukan yatsunsa sun mutu, amma amsar jijiyar jinsa a na'ura lafiya lau take. A ganina, wanda ya fahimci wannan ya wuce rabin wahalar fannin.

A ƙafa kuwa, misalin da ya fi koyarwa shi ne majiyyacin da ƙafarsa ta saki, yana tafiya yana jan yatsu a ƙasa. Tsokar gaban ƙwauri mai ɗaga ƙafa za ta nuna lalacewa ko matsalar tana jijiyar feroniyal a gefen gwiwa, ko a sayatik (babbar jijiyar da take saukowa daga ɗuwawu ta rabu zuwa feroniyal da tibiyal), ko a saiwar L5 ta ƙasan baya, saboda haka ita kaɗai ba ta yanke hukunci. Tsokar da take can cikin sha-raɓa mai karkata ƙafa ciki ta jijiyar tibiyal ce amma L5 ne babban tushenta, haka ma tsokar gefen ƙugu mai ware cinya tana da L5 ba tare da ta bi ta sayatik ba. Sai gajeren kan tsokar bayan cinya ta waje, wanda shi kaɗai ne yake samun saƙo daga ɓangaren feroniyal a saman gwiwa. Ka riƙe wannan da kyau, domin a asibitocinmu ana kawo yaran da ƙafarsu ta saki bayan an yi musu allura a ɗuwawu ba a wurin da ya dace ba, kuma ɓangaren feroniyal na sayatik ne ya fi saurin jin rauni, har lamarin ya yi kama da matsalar gwiwa. Wannan 'yar tsoka ce take nuna cewa raunin yana sama.

Sanin sunan tsoka daban, samun ta da allura daban. Ka koya a jikinka da jikin abokan aikinka: ka lalubi ƙashin da zai zama maka alama, ka sa mutum ya motsa gaɓar, ka ji tsokar ta kumbura ƙarƙashin yatsanka. Bayan ka soka, ka sake sa shi ya yi motsin. Idan allurar tana inda kake nufi za ka ji ƙara mai kaifi a lasifika, idan kuwa sautin ya zo a dushe kamar daga nesa, to kana cikin maƙwabciyarta. A damtse musamman, inda tsokoki suke a cunkushe, kuskuren santimita ɗaya yana iya kai ka daga yankin midiyan zuwa na alna.

Ka kuma lura da lokaci. Alamun tsokar da ta rabu da jijiyarta ba sa bayyana sai bayan kimanin mako 2 zuwa 3, suna farawa daga tsokokin da suke kusa da raunin kafin su isa na nesa, don haka gwajin da aka yi a makon farko yana iya fitowa kamar babu komai. Tsokokin da suke kan haƙarƙari, da na kewayen allon kafaɗa, da na gindin wuya kuwa, huhu yana kusa da su ƙwarai, kuma allurar da ta zarce tana iya huda rigarsa iska ta taru a ƙirji. Waɗannan kada ka soka su sai babbanka yana tsaye a kanka, kuma idan ɗakinku yana da na'urar hoto ta sauti, ka nemi a nuna maka zurfin tsokar da inda huhun ya fara kafin ka ɗauki allura.