Ku Tambayi Anti: "Ɗana Yana Dawowa Daga Gidan Raino Jikinsa A Sake"

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni malamar makaranta ce a Kaduna. Da hutun haihuwata ya ƙare na rasa wanda zan bar wa ɗana, don mahaifiyata tana Funtua, sai na kai shi wani gidan raino kusa da wajen aikinmu. Yanzu watansa 9. Sati uku ke nan, duk ranar da na ɗauko shi da ƙarfe biyu sai in same shi jiki a sake, ido a lumshe, ko nono ba ya kamawa sosai sai wajen magariba. Ranar da ba aiki kuwa da ƙyar yake barcin awa ɗaya da rana. Na tambayi mai gidan, ta ce wasa ne ke gajiyar da shi. Kuma ba sa barin iyaye su wuce bakin ƙofa, wai yara suna kuka in sun gan mu. Maigidana ya ce zato zunubi ne, matar kuma tana yi mini ragin kuɗi. Ni ce mai neman magana, ko akwai abin dubawa?
Wata uwa daga Kaduna

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ba neman magana kike ba. Ruwa ba ya tsami banza, kuma ke ce kika san yadda ɗanki yake in yana hannunki.

Yaro mai wata 9 yana barcin awa 12 zuwa 16 a yini da dare, har da na rana. Saboda haka yawan barci kaɗai ba zai tayar mini da hankali ba. Abin da ya tsaya mini shi ne jikin da yake sakewa, da nonon da ba ya kamawa, da kuma cewa abin ranakun aiki kawai yake zuwa. Yaron da wasa ya gajiyar yana tashi in an taɓa shi, ya yi rigima, ya kama nono da ƙarfi don yunwa ce ke cinsa.

Na yi shekaru ina aikin jinya a ɗakin yara, kuma abin da zan faɗa miki na gan shi da idona fiye da sau ɗaya. Akwai masu raino da in yara sun yi musu yawa sai su ɗura musu maganin mura ko na ƙaiƙayi mai sa barci, irin su Piriton da Phenergan, don gida ya yi shiru. Piriton ba a ba yaron da bai shekara ba. Phenergan kuwa an hana ba wanda bai kai shekara 2 ba, domin yana iya rage numfashin jariri har ya tsaya. Ko a 2018 da gwamnatin Najeriya ta hana maganin tari mai kodin, waɗannan ba su bar kantin magani ba, ba su da tsada, kuma da yawa masu ba yara ba su ɗauke shi a bakin komai ba. Wata da aka taɓa kamawa ce mini ta yi, "Ai rabin cokali ne kawai." Jaririyar da aka ba rabin cokalin sai da ta kwana biyu a hannunmu.

Ban ce abin da ake yi wa ɗanki ke nan ba, don ban shiga gidan ba. Hayaƙin janareta da aka ajiye gindin taga yana kashe jikin yaro haka, kuma shi ma yana kisa. Ɗaki a rufe lokacin zafi yana yi, yunwa tana yi. Sai dai ki duba, duk cikin waɗannan babu wanda za a ce a ƙyale.

Da ni ce, gobe ba zan kai shi ba. Ki nemi maƙwabciya ko wata 'yar uwa ta riƙe miki shi kwana biyu, ki kai shi asibiti, ki faɗa wa likita zarginki ƙarara, kada ki tsaya kwana-kwana. In kuwa wata rana kika tashe shi ya ƙi tashi, ko numfashinsa ya yi ƙasa, ko laɓɓansa suka canza launi, wannan ba ta jiran Baban yaro ya dawo ba ce, asibiti kai tsaye.

Sannan ki je gidan da kanki wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, ba tare da kin sanar ba, ki ce kina son ganin ɗakin da ɗanki yake kwana. Maganar ƙofar nan ta fi komai damuna a wasiƙarki. Yara suna kuka in sun ga iyaye, gaskiya ne, amma kukan minti biyar bai isa ya hana uwa ganin inda take barin jaririnta awa shida ba. In an bar ki kin shiga, ki ƙirga yara ki ƙirga manya. A Ingila doka ta ce babba ɗaya ga yara uku 'yan ƙasa da shekara 2. Mu nan na taɓa shiga ɗakin da mace ɗaya take da jarirai sun fi goma, kuma hannu biyu Allah Ya ba ta. A irin wannan ɗakin ne ake jawo kwalbar magani. Ki duba ko duk yaran sun yi barci lokaci ɗaya kamar an kashe fitila. Ki duba yadda aka kwantar da jarirai, domin wanda bai shekara ba a rigingine ake kwantar da shi, ba rub da ciki ba, kuma ba a cikin tarin filo da bargo ba. Ki leƙa bayan gida ko akwai bokiti da ruwa a buɗe. Ki tambayi sauran iyaye mata a bakin ƙofa yadda nasu suke dawowa.

In an hana ki shiga, kin sami amsarki. Ki kwashe kayansa, ki kai ƙorafi sashen walwalar yara na ma'aikatar da ke kula da harkokin mata a jiharku, saboda 'ya'yan wasu suna ciki.

Maigida kuma ki gaya masa cikin ladabi cewa ba hukunci kika yanke wa kowa ba, dubawa za ki yi, kuma zai fi kyau ku je tare. Ragin kuɗi alheri ne, ki gode mata. Amma kada kara ta rufe miki baki a kan yaron da bai iya cewa "an ba ni magani" ba.

TAMBAYA: Anti, an kawo mini yarinya daga ƙauyenmu, shekararta 11, tana riƙe mini 'yata mai shekara ɗaya da rabi in na tafi kasuwa. Makon jiya 'yar ta sha kananzir da ke cikin robar lemo. Yarinyar ta ɗura mata manja ta sa mata yatsa a maƙogwaro. Allah Ya kiyaye, ta warke bayan kwana huɗu a asibiti. Na zane yarinyar, amma zuciyata ba ta kwanta ba. In mayar da ita ne?
Wata 'yar kasuwa daga Gusau

AMSA: Allah Ya ƙara wa 'yar lafiya. Amma 'yar uwa, zan faɗa miki gaskiya ko da za ta yi ɗaci: yara biyu kika bari a gida ba babba. Wa ya zuba kananzir a robar lemo, wa ya ajiye ta inda hannun mai tatata zai kai? Ba 'yar shekara 11 ba ce.

Manjan da ta ba ta kuma a wajen manya ta gani. Kowa ya ji wannan: yaron da ya sha kananzir ko fetur ba a sa shi amai, ba a ɗura masa manja ko madara. Haɗarin kananzir a huhu yake, kuma amai shi ke tura shi can. A cire masa rigar da ta jiƙe, a wanke masa jiki, a tafi asibiti da robar a hannu, ko da ya ga kamar ya warware, domin tari da sarƙewar numfashi suna iya biyo baya bayan wasu awanni.

Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta hana ɗaukar yaro aikatau a gidan da ba na danginsa ba. Ko ba doka, yarinyar nan ita ma amana ce a hannunki. Ki kira ta ki ba ta haƙuri a kan dukan, don a iya saninta ceton 'yarki ta yi. In za ta zauna, ta zauna a matsayin 'ya, ki sa ta makaranta, ki nemi babbar mace da za ta riƙe ƙaramar, ko ki goya abarki zuwa kasuwa. Kananzir, fiya-fiya da maganin ɓera kuma yau ɗin nan su koma sama, a cikin mazubinsu na asali, a sa kwaɗo.