Mai shirin zuwa Cork karatu, fara neman ɗaki

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce jami'ar UCC da ke birnin Cork ta ba ka gurbin digiri na biyu, amma wani ya ce maka Cork ƙauye ne, in ba Dublin ba babu aiki a Ayalan. Mai wannan magana bai taɓa tako nan ba.

Cork ne birni na biyu a ƙasar, da mutum sama da 220,000, gundumarsa kuma ta fi kowacce faɗi. Tsakiyar garin tsibiri ne tsakanin rassa biyu na kogin Lee. Sunan ma fadama yake nufi a harshensu, don haka ambaliya ba baƙuwarsu ba ce. A da man shanu da naman gishiri suke lodawa a jiragen ruwa. Da yunwar 1845 ta ci ƙasar, sai aka koma lodin 'ya'yansu: cikin shekara ɗari, kusan mutum miliyan biyu da rabi suka fice ta tashar jiragen ruwa ta Cobh, kusa da Cork, inda jirgin Titanic ya yi zangonsa na ƙarshe a 1912. A bakin tashar akwai mutum-mutumin wata yarinya da ƙannenta biyu za su Amurka. Na daɗe a gabansa, jikina a sanyaye. Ashe su ma sun sha ci-rani.

Masana'antar motocin Ford ta rufe a 1984, garin ya ji jiki. Yanzu Apple, da ke nan tun 1980, da kamfanonin magunguna irin su Pfizer a Ringaskiddy, kusa da birnin, ne ke riƙe da shi. In fanninka kwamfuta ne ko haɗa magani, ka faɗo daidai.

Sai dai bizar ɗalibi awa 20 kawai ta yarje maka ka yi aiki a mako, 40 lokacin hutu. Zai ci da kai, ba zai biya kuɗin makaranta ba.

Babban ciwon kai shi ne wurin kwana. Mako bakwai na yi a kan kujerar falon wani abokina. Na je duba wani ɗan ɗaki, na tarar da layi har bakin titi, kowa a jiƙe. Ka nemi ɗakin jami'a tun yau, kuma kada ka tura wa kowa kuɗin kafin alƙalami a intanet kan ɗakin da idon wani naka bai gani ba.

Rigar ruwa za ka saya, ba lema ba. Iskar nan ta karya mini uku.