Kafin Ka Sayi Tsohuwar Kyamara Daga Japan

Tambaya: Malam, ina son sayen kyamarar fim, Olympus OM-1, daga wani ɗan kasuwa a Japan ta intanet. Bayanin da na'ura ta fassara zuwa Turanci ya ce akwai "malt deterioration" da "cloudy". Ban gane ba. In saya ko in haƙura? Mai karatu daga Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa, gara da ka tambaya kafin kuɗinka su fita. Na'ura kalma take bi, ba ta san yaren masu sana'ar ba.

Inda na'urar ta ce "malt", abin da mai kayan ya rubuta shi ne *moruto*, wanda Japanawa suka gutsuro daga Moltopren, sunan wani soso na Jamus. Baƙin soson nan ne da ake liƙawa a gefen murfin baya don kada haske ya kutsa ya ɓata fim. Turawa "light seal" suke kiransa. Idan ya tsufa sai ya narke ya yi danƙo, ka taɓa ya manne maka a yatsa. Canza shi ba wuya. Amma a OM-1, wadda ta fito tun farkon shekarun 1970, an sa irin wannan soson a saman gilashin cikin mahangi, wato tagar da ake sa ido a leƙa yayin ɗaukar hoto, kuma in ya ruɓe yakan ci azurfar da ke jikin gilashin. Don haka ka ce ya ɗauko maka hoton cikin mahangin. In ka ga baƙin tabo daga ƙasa, ka nemi ragi.

"Cloudy" ɗin nan ya fi damuna. *Kumori* ne, wato "haze", hazon da ke kwanciya cikin gilashin gaba har hoto ya fito a dushe. Wani yana gogewa, wani ya zauna kenan. Ka tambaye shi kuma ko akwai *kabi*, funfuna mai kama da saƙar gizo-gizo, domin damshin daminarsu a watannin Yuni da Yuli yana haifar da ita sosai. Ka ce ya haska tocila ta bayan gilashin, ya turo maka hoto.

Idan kuwa ka ga *janku* a tallar, ma'anarsa babu tabbaci, babu maidowa. Wani lokaci kayan lafiya lau ne, ba a gwada ba kawai. Amma kai da za ka biya kuɗin jigila har Zariya, ban ba ka shawarar taɓa shi ba.