Amsa kan PostgreSQL da ya ƙi haɗuwa bayan ɗaga Ubuntu

Assalamu alaikum jama'a. Wannan amsa ce ga ɗan'uwanmu da ya ce ya ɗaga sabarsa daga Ubuntu 22.04 zuwa 24.04, tun daga nan manhajarsa ke ta cewa "connection refused" a fot 5432, wato lambar ƙofar da ake bi a isa PostgreSQL, manhajar da ke ajiye masa bayanai. To malam, da farko ka ɗage hannunka tukuna. Kar ka yi apt purge, kar ka yi autoremove, kar ka sake girka komai. Galibi bayananka suna nan daram a /var/lib/postgresql/14/main, ba wanda ya taɓa su.

Ga abin da ke faruwa. Ubuntu 22.04 da PostgreSQL 14 yake zuwa, 24.04 kuwa da 16. Idan ka ɗaga, ba ya kwashe maka bayananka zuwa sabon, sam. Sai ya girka 16 a gefe, ya buɗe masa klosta, wato ma'ajiyar bayanai tasa ta kansa, wanda babu komai a ciki, ya ba shi fot 5433 tunda na 14 ya riga ya riƙe 5432. Kamar ka gina sabon ɗaki ne amma kayanka duka suna tsohon. Saboda haka umarnin farko shi ne pg_lsclusters. Zai nuna maka kowane klosta, da fot ɗinsa, da halin da yake ciki, online ko down. Kuma don Allah kar ka dogara da systemctl status postgresql. Zai nuna maka kore, "active (exited)", ka ɗauka lafiya lau, alhali shi wannan inuwa ce kawai da ke tayar da sauran. Na gaskiyar shi ne postgresql@14-main.

Idan ka ga 14 yana down, je ka karanta layukan ƙarshe na /var/log/postgresql/postgresql-14-main.log, kamar guda talatin. Dalilin yana rubuce a nan. Wani lokaci zai ce "invalid value for parameter lc_messages", wato tsarin harshen da klostan ya saba da shi ya ɓace a ɗagawar, sai ka yi locale-gen da sunan da ya ambata. Wani lokaci fayil ɗin makullin SSL ne izininsa ya canza. Idan kuma pg_lsclusters ya rubuta "binaries_missing", to an cire manhajar 14 ɗin ce, bayanan na nan amma babu mai karanta su, domin 16 ba ya iya buɗe ma'ajiyar 14 kai tsaye. Sai ka dawo da postgresql-14 daga rumbun manhajoji na apt.postgresql.org. Ka lura, ɗagawar tana kashe duk rumbunan waje da ka ƙara, sai ka kunna su da kanka, ka tabbatar sunan ya koma noble, laƙabin 24.04, ba jammy na 22.04 ba.

To, da zarar 14 ya tashi, kafin komai ka ɗauki kwafi da pg_dumpall, ka ajiye shi a wata na'ura daban. Na ce pg_dumpall ne fa, domin pg_dump ba ya ɗauko masu amfani da kalmomin sirrinsu. Sannan ka tsayar da manhajarka, ka yi pg_dropcluster --stop 16 main, daga nan pg_upgradecluster 14 main. Ka duba lambar nan sau biyu kafin ka danna. Sha shida za ka goge, wanda babu komai a ciki. Idan hannunka ya zame ka rubuta sha huɗu, shi ke nan, sai dai kwafin nan ya cece ka. Ka tabbatar kuma faifanka yana da fili aƙalla kamar girman bayanan, don zai riƙe kwafi biyu ne a lokaci guda. Idan kana amfani da wani ƙari da ake ɗora wa PostgreSQL, kamar PostGIS ko makamancinsa, girka na 16 ɗin tun kafin ka fara, in ba haka ba aikin zai tsaya a tsakiya. Idan ya kammala, 16 ne zai karɓi 5432, shi kuma 14 ya koma 5433 a kashe. Bar shi nan ya yi mako guda ko biyu kafin ka goge.

Yauwa, akwai masu ganin 5433 a buɗe sai su juya manhaja can, su zuba kwafi a ciki. Yana aiki, amma sabon klostan da saitin asali yake zuwa. listen_addresses ɗinsa, wato adireshin da yake saurare a kai, localhost ne kawai, ita na'urar kanta ke nan, don haka wata na'ura ba za ta same shi ba. pg_hba.conf ɗinsa kuma, fayil ɗin da ke tsara wanda zai shiga, sabon tsarin kalmar sirri na scram-sha-256 yake nema. Idan kalmar sirrin mai amfaninka tun zamanin tsohon tsarin md5 aka adana ta, za ka ga "password authentication failed" ko da daidai ka rubuta ta. Maganin, ka shiga da sudo -u postgres psql, ka rubuta \password da sunan mai amfanin, ka sake saka ita wannan kalmar. Za ta adanu a sabon tsari. Kar wani ya ce maka ka mayar da layin pg_hba.conf ɗin zuwa trust, wannan buɗe wa kowa ƙofa ne ba tare da tambaya ba.

Abu na gaba, ka raba laifi. Gwada psql -h 127.0.0.1 -p 5432 da sunan mai amfani da rumbun bayanan da manhajar ke amfani da su. Idan ya shiga, to PostgreSQL ya fita daga zargi, matsalar tana ɓangaren manhaja. Idan da Python aka rubuta ta, Python ɗin ya tashi daga 3.10 zuwa 3.12, tsohon venv ɗinka, wato keɓaɓɓen wurin da ka girka kayan Python na manhajar, ya mutu, shi ya sa za ka ga "No module named psycopg2". Kar ka tsaya yi masa faci, goge shi ka gina sabo, ka girka daga requirements.txt. Idan pip ya ce "externally-managed-environment", to a wajen venv kake. Idan PHP ne, ya tashi daga 8.1 zuwa 8.3, "could not find driver" na nufin ba ka da php8.3-pgsql. Girka shi, ka sake tayar da php8.3-fpm, ka kuma duba ko Nginx har yanzu php8.1-fpm.sock yake nema, wannan shi ke kawo 502.

Idan kuma saƙon ya zama "timed out" maimakon "refused", wannan wani zance ne. Refused na nufin ka isa na'urar amma babu mai saurare a fot ɗin. Timed out kuwa a hanya aka tare ka, sai ka duba ufw status, da ss -ltnp don ganin adireshin da ake saurare a kai.

Ka turo mana hoton abin da pg_lsclusters ya fitar da layukan ƙarshe na log ɗin, amma ka rufe kalmar sirri da adireshin sabar kafin ka tura a guruf.