Me ya sa gwiwata ke rawa idan na gaji da gudu?

Tambaya: Salam likita, shekarata 29, wata uku kenan da na fara gudun safe don rage ƙiba. Farkon fita lafiya lau, amma da na kai wajen minti 20 sai in ji gwiwar dama tana rawa kamar ba tawa ba, wani lokacin har da ciwo a gaban ƙoƙon. Ƙashin ne ya samu matsala?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, gaskiya yadda kika kwatanta ɗin nan ya fi min kama da gajiyar tsoka, don ita gwiwa ba ta riƙe kanta, tsokar gaban cinya da ta bayan cinya da wata a gefen ɗuwawu su ke tallafe da ita, kuma duk takun da kika yi a guje nauyin da ke sauka kan ƙafar yana kai ninki 2 zuwa 3 na nauyin jikinki.

Akwai na'urar da ake kira EMG, ana manna 'yan wayoyi a fatar cinya tana karanta lantarkin tsoka. Idan tsoka ta gaji abin da ake gani shi ne jiki yana turo mata saƙo da ƙarfi fiye da da amma aikin da take yi bai ƙaru ba, sannan tana makara wajen kamawa. Makarar ba ta ko kai ƙiftawar ido ba, amma a daidai lokacin ne ƙafarki ke dira ƙasa.

Ku mata kuma akwai ƙari, da yawa sun fi dogara da tsokar gaban cinya, ta bayan ba ta kawo ɗauki yadda ya kamata, idan ta gefen ɗuwawun ma ta saki sai gwiwar ta riƙa karkata ciki, ƙoƙon ya dinga goga gefe guda, ga ciwon da kike ji a gaba. Wannan karkatar tana cikin dalilan da suka sa tsinkewar ACL, wato wata jijiya da ke riƙe gwiwa daga ciki, ta fi yawa ga mata 'yan ƙwallo a kan maza, ninki biyu ko fiye.

Ki gwada a gida, ki tsaya gaban madubi da ƙafa ɗaya ki ɗan tsuguna a hankali, ki duba ko ƙoƙon yana bin saitin yatsan ƙafa na biyu ko yana faɗawa ciki. Ki sake yi bayan kin dawo daga gudu, bambancin zai ba ki mamaki.

Don Allah kar ki daina gudun, ki dai rage, da rawar ta fara ki koma tafiya. Sau biyu a sati ki kwanta rigingine ki dinga ɗaga ƙugu sama, ki kwanta ta gefe ki ɗaga ƙafa, ki ba shi kamar sati shida. Amma fa in gwiwar ta kumbura, ko ta ƙage ta ƙi miƙewa, ko kika ji ƙas a ciki, ki ajiye gudun ki je asibiti sashen ƙashi a duba ki.