Asibiti mai tayil da AC ko babban asibitin gwamnati, ta yaya ake gane wanda ya fi kula da mara lafiya?

TAMBAYA: Salamu alaikum Dokta, barka da aiki. Ni ɗan Aboabo ne nan Kumasi. Mma ce likita yace sai an yi mata aikin maƙoƙo, to yanzu gida ya rabu biyu. Yayata tace a kai ta wani asibitin kuɗi, wai wurin tsaf-tsaf, tayil ko'ina, ga AC, nas-nas suna gaishe ka da murmushi. Kawunmu kuma yace babban asibitin gwamnati, ko ba komai can ƙwararru suke, amma matan unguwa sai cewa suke wai can kullum gawa ake fitarwa. Dan Allah akwai wata hanya ta ilimi da ake auna asibiti a san wanda ya fi, ko kuwa sa'a ce kawai?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanina, Allah ya ba Mma lafiya yasa kaffara ne. Akwai hanya, mutane sun fi shekara ɗari suna bincike a kai, amma bari in fara da maganar matan unguwa don ita ce ta fi ruɗa mutane kuma ita ce kullum nake sha a wajen suna da ɗaurin aure da zarar an ji aikina.

Gaskiya ne babban asibiti yana fitar da gawa fiye da ƙaramin asibiti. To amma ka tambayi kanka su waye ake kaiwa can. Ɗauki Komfo Anokye, babban asibitin koyarwa na nan Kumasi wanda muke ce wa Gee, marasa lafiya daga duk jihar Ashanti da jihohin da ke kewaye har daga arewa ake turo su can, wanda mota ta murƙushe a hanyar Techiman, matar da ta kwana biyu tana naƙuda a ƙauye jini ya ƙare mata, dattijon da aka yi ta jiƙa masa saiwa a gida wata uku sai da ƙoda ta tsaya sannan aka ɗauko shi a pragya, keke mai ƙafa uku. Shi kuwa ƙaramin asibiti da zarar ya ga ciwo ya fi ƙarfinsa sai ya rubuta takarda yace ku wuce gaba, mutum ya cika a can, gawar ta hau lissafin babban asibiti, littafin ƙaramin ya zauna fes. Kaga idan gawa kawai zaka ƙirga to asibitin da ya fi kowa iya korar masu ciwo mai tsanani shine zai zo na ɗaya. Shi yasa masu bincike basa kwatanta mace-macen asibiti biyu sai sun daidaita lissafi da nauyin ciwon da mutane suka shigo da shi, shekarunsu, ko suna da suga ko hawan jini, ko aikin gaggawa ne ko wanda aka shirya, sannan a ce bisa irin mutanen da kuka karɓa ana zaton mutum kaza zasu rasu, ku kuma nawa suka rasu a hannunku. Ko da hakan ma lissafin yana da haɗari, a Amurka da jihar New York ta fara buga sakamakon likitocin tiyatar zuciya a farkon shekarun 1990 an yi ta ƙorafin cewa wasu likitoci sun koma gudun masu ciwo mai nauyi don kar sunansu ya ɓaci a jarida.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara dagewa a kan a bi sawun mara lafiya wani likitan tiyata ne a Boston, Ernest Codman. Kowane mutum ya yi wa aiki sai ya buɗe masa kati, bayan shekara ya nemo shi yaji ya warke ko bai warke ba, in bai warke ba laifin waye. Tsakanin 1911 da 1916 ya sallami mutum 337 a ɗan asibitinsa, ya rubuta kurakurai 123 ya buga duniya ta gani. Abokan aikinsa basu gode masa ba, tsanarsa suka yi. Har yau duk likitan da ya ce mu ƙirga kuskurenmu yana ɗan ɗanɗana abin da Codman ya sha, ni ma na ɗanɗana.

Sai 1966 wani malami a jami'ar Michigan, Avedis Donabedian, ya kawo tsarin da har yanzu da shi muke aiki. Yace ingancin asibiti ana duba shi ta fuska uku, abin da asibitin ya mallaka, abin da ake yi wa mara lafiya a aikace, da kuma yadda ya ƙare. Tayil da AC da yayarka ta gani suna cikin na farko, kuma a cikin na farkon ma sune mafi ƙarancin amfani, abin tambaya a nan shine akwai oksijin, akwai jini a ajiye, janareto yana tashi cikin minti nawa in dumso ya zo, wato aka ɗauke wuta, ana tsakiyar aiki, nas nawa ke kwana da gado nawa. Gawar da matan unguwa ke ƙirgawa tana cikin na uku. Na tsakiyan, abin da hannu yake yi da ƙarfe biyun dare lokacin da babu mai kallo, shi ne babu wanda ke gani daga bakin get, kuma a ganina nan ne rai ke tsira ko ya salwanta in Allah ya ƙaddara.

Ga dalilina. A 2018 mujallar Lancet ta fitar da wani babban bincike da aka yi a asibitoci 247 a ƙasashen Afirka 25, an bi mutum sama da dubu 11 da aka yi wa tiyata. Mutanen namu sun fi na Turai ƙuruciya, ciwonsu bai kai nasu nauyi ba, matsalolin bayan aiki ma basu fi yawa ba, amma duk da haka haɗarin mutuwa bayan aikin da aka shirya ya ninka na matsakaicin duniya sau biyu. Kuma kusan duk mace-macen, kashi 94 cikin ɗari, ba ranar aikin suka faru ba, bayan an dawo da mutum wad ne, wato ɗakin kwantar da marasa lafiya. Wato wuƙar likita ta yi aikinta lafiya, sai daga baya jini ya fara zuba a ciki ko zazzaɓi ya taso ko numfashi ya canza, babu wanda ya lura da wuri, lokacin da aka farga aikin gama ya gama. A shekarar dai wani kwamiti ƙarƙashin Margaret Kruk ta jami'ar Harvard ya ƙiyasta cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita mutum miliyan 8.6 ke mutuwa a shekara daga cututtukan da asibiti zai iya magancewa, miliyan 5 daga cikinsu sun je asibitin, kulawar ce ba ta yi kyau ba, miliyan 3.6 ne kawai basu samu zuwa ba. Mu nan tun da inshorar lafiya ta NHIS ta zo a 2003 da haihuwa kyauta a 2008 muke ta kiran mutane su zo asibiti, sun kuma zo, yanzu tambayar ta koma me suka tarar.

Bari in ba ka abin da na gani da idona a wani asibiti da ba zan kama suna ba. Muna zagayen duba fayil, na ɗaga takardar awo da ke rataye a ƙafar gadon wata baiwar Allah da aka yi wa aiki jiya, layi shida na dare duk an cike, 120/80, 120/80, 120/80 har ƙasa, biro ɗaya, rubutu ɗaya ya karkata gefe ɗaya kamar wanda aka yi a tsaye ana sauri. Na taɓa hannunta sanyi ƙalau, bugun zuciya kamar gangar sallah. Muka auna da kanmu jini ya faɗi ƙasa sosai, aka mayar da ita ɗakin tiyata, Allah ya yi da sauran kwana. Da na zauna da nas ɗin ban yi mata faɗa ba, ita kaɗai ta kwana da gadaje sama da talatin, abin awon hawan jini guda ɗaya ne a wad ɗin kuma batirinsa ya mutu tun sha ɗaya, ta san in ta bar layin fayau da safe ita za a tsare, sai ta cike. A takarda wad ɗin nan ya ci ɗari bisa ɗari wajen awo. Wannan ita ce babbar matsalar fanninmu, duk lambar da aka mayar bulala to ma'aikata zasu koyi yi mata kwalliya, shi yasa zaman bitar mutuwar masu haihuwa da ake yi a asibitocin Ghana ƙa'idarsa ita ce a nemo inda tsari ya yoye ba a nemo wanda za a rataye ba, ko da yake ba ko'ina ake kiyaye hakan ba.

Gyaran kuma sau da yawa ba wani abu ne mai tsada ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da wata takarda mai tambayoyi 19 da ake karantawa da baki a ɗakin tiyata, wannan ne mara lafiyan, wane gefe za a yanka, an ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin a fara, an ƙirga auduga da almakashi kafin a ɗinke. Da aka gwada ta a asibitoci takwas har da na Ifakara a Tanzaniya, sakamakon da aka buga a 2009 ya nuna mace-mace sun sauka daga kashi 1.5 zuwa 0.8, matsaloli daga kashi 11 zuwa 7. Duniya ta ɗauka da zafi. Sai Ontario ta Kanada ta wajabta wa asibitocinta, aka duba asibiti 101 a 2014, babu wani canji na a zo a gani. A Indiya ma jihar Uttar Pradesh an gwada irinta a ɗakin haihuwa kan haihuwa kusan dubu 160, ungozomomi sun ƙara bin ƙa'ida amma mace-mace basu ragu ba, don takarda ba ta zama jini ko motar ɗaukar mara lafiya. Takardar da aka ce cike ko a hukunta ka daban, wadda ma'aikata suka tsaya suka kalli juna suka karanta daban. Kamar bokitin Veronica ne, bokitin nan mai famfo na wanke hannu, wanda 'yar ƙasarmu Veronica Bekoe ta ƙirƙiro, zaka gan shi a ƙofar kowane wad, mai ƙirga kaya zai rubuta akwai wurin wanke hannu, amma leƙa ka ga ko da ruwa a ciki da sabulu a gefe.

Misalin da na fi so na gida ne. A asibitin Ridge da ke Accra an auna an ga mace mai ciki tana jiran kusan minti 40 kafin wani ya fara duba ta, sai ungozomomi tare da ƙungiyar Kybele suka tsara tantancewa tun daga ƙofa, ana ɗaura wa kowace zare a hannu, ja ko rawaya ko kore gwargwadon haɗarinta, jiran ya dawo kamar minti 5. Ba sabon gini suka fara nema ba, agogo suka duba suka yarda da abin da ya gaya musu.

To mu dawo kan Mma. Aikin maƙoƙo yana cikin ayyukan da yawan yi yake da tasiri sosai, bincike a Amurka ya nuna likitan da ke yin sama da 25 a shekara marasa lafiyansa sun fi samun ƙarancin matsala, don akwai jijiyar murya da wasu 'yan ƙananan halittu masu riƙe sinadarin kalsiyam a manne da wurin, hannun da ya saba shi ke kauce musu. Saboda haka ku je duka asibitocin biyu, kai da yayarka da kawu, ku tambayi likitan cikin ladabi, Dokta irin wannan aikin kamar nawa kake yi a shekara, kai zaka yi da hannunka ko wani za a kira. Likitan kirki ba zai ji haushi ba. In asibitin kuɗi ne ku nemi ganin lasisin HeFRA, hukumar da dokar 2011 ta ɗora wa rajistar asibitoci, amma ku sani lasisi shaida ce ta cewa an cika mafi ƙarancin sharaɗi kawai. Tambayar da ta fi duka nauyi ita ce ta dare, don babban abin tsoro bayan wannan aikin shine jini ya taru a wuya ya matse maƙogwaro, kuma yawanci a ranar farko yake faruwa, a irin wannan hali minti kaɗan ake da su. Waye zai kwana a asibitin da zai iya buɗe ɗinkin nan take, mai ba da maganin barci yana cikin gida ko sai an buga masa waya ya taso daga Kwadaso, in abu ya ɓaci ina zaku tura ta kuma da wace mota. Na san asibitocin kuɗi da zasu amsa maka wannan tiryan-tiryan, na kuma san waɗanda likitan ke zuwa da yamma ya yi aiki ya tafi ya bar nas ɗaya da lambar waya. Na gwamnati ma zaka iya samun ƙwararru amma wad ya cika maƙil, don haka can ma ka tambaya nas nawa ke kwana.

Murmushin nas da yayarka ta yaba kar ku raina shi, yadda ake mutunta mara lafiya da yi masa bayani ana auna shi a bincike, tsohuwar da ake yi wa tsawa ba zata faɗi abin da take ji ba. In Mma ba ta jin Turanci ko Twi sosai ku tabbatar akwai mai fassara mata a Hausa kafin ta dangwala hannu a takardar amincewa.

Duk inda kuka zaɓa, daren farko a bar mutum mai ido a gefenta, ba wanda zai shimfiɗa tabarma ya yi minshari ba. Ya riƙa kallon wuyan, in ya ga yana kumbura ko numfashi ya fara ƙara ko tana ta mutsu-mutsu ta kasa kwanciya, kar ya tsaya sallama da neman izini, ya ɗaga murya a kira likita. Washegari da jibi kuma in tace leɓenta ko yatsunta suna mata kamar tururuwa na tafiya, a gaya wa nas a auna kalsiyam kafin a sallame ku.