Ina so in fito fili in ba da labarin ciwon damuwar da na yi

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekara biyu da suka wuce na yi fama da matsanancin ciwon damuwa, har aka kwantar da ni a asibiti sati uku. Yanzu na samu sauƙi, na koma aiki, ina kan shan magani. Ina so in rubuta labarina a Facebook ko in yi bidiyo, ko Allah zai sa wani ya amfana. Maigidana ya goyi baya, yayata kuwa ta ce kada in kuskura. Wace shawara za ku ba ni? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ƙara lafiya. Niyyarki mai kyau ce, kuma ilimi ya goyi bayanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana ɗauke da wata lalurar ƙwaƙwalwa, kusan miliyan 970 ke nan, kuma da yawansu tsoron tsangwama ke hana su zuwa asibiti. Kwamitin masana da mujallar likitanci ta Lancet ta kafa ya fitar da rahoto a 2022, inda ya nuna cewa hanyar da ta fi rage wannan tsangwama ita ce mutane su haɗu da wanda ya yi ciwon, su ji daga bakinsa. Amma yayarki ma tana da gaskiya. Magana zarar bunu ce. Ko kin goge rubutun bayan awa ɗaya, wani ya riga ya ɗauki hotonsa, kuma zai iya faɗawa hannun mai ɗaukar ki aiki nan gaba, ko hannun 'ya'yanki idan sun girma.

Don haka kada ki fara da intanet. Ki rubuta labarin a takarda, ki ajiye shi sati biyu, sannan ki karanta wa mutum ɗaya da kika amince da shi, da murya. Ki lura da jikinki a daren. Idan kin yi barci kamar kullum, kin shirya. Idan kuwa kin kwana kina juyi, ƙirjinki na bugawa, ko kin tashi da nauyin zuciya irin na da, to mikin bai gama warkewa ba, sai ki dakata. Ki kuma nuna wa likitanki takardar kafin kowa ya gani a waje.

Ba dole ba ne a yi tsalle daga ɓoyewa zuwa shelar duniya. Akwai matakai a tsakani: mutum biyu ko uku na kusa, ƙaramin taron masu irin lalurar, rubutu ba tare da suna ba, sannan rubutu da suna da fuska. Kowane mataki yana nuna miki irin martanin da za ki samu a na gaba. Bidiyo shi ne na ƙarshe, don shi ya fi yawo, kuma ana iya yanko daƙiƙa goma da kike kuka a yar da sauran.

Abin da za ki cire daga labarin ya fi muhimmanci a wurinmu. Kada ki ambaci sunan maganinki da adadin da kike sha. Mutane za su je su saya, alhali maganin damuwa yana iya tayar da ciwo ga mai lalurar ƙwaƙwalwa da ke sa yanayin zuciya ya hau ya sauka, kuma yakan ɗauki sati biyu zuwa shida kafin a ga amfaninsa, sai wanda ya kwaikwaye ki ya yar da shi a kwana biyar ya ce ba ya aiki. Idan kin taɓa yunƙurin kashe kanki, za ki iya faɗin cewa kin kai wannan matsayi, amma kada ki bayyana yadda kika yi, ko da me, ko a ina. An daɗe da tabbatar da cewa irin wannan bayani yana jawo kwaikwayo ga wanda ke bakin gaɓa. A ɗaya ɓangaren, wani bincike da aka yi a Ostiriya a 2010 ya gano cewa labaran waɗanda suka shiga irin wannan hali suka kuma sami mafita suna tafiya tare da raguwar kashe kai. Saboda haka ki ba fita daga ciwon fili mafi girma: wa kika fara gaya wa, yaya ranar farko a asibiti ta kasance, me ya sa kika ci gaba da magani a satin da kika ji kamar ba ya komai. Ki faɗa a sarari cewa har yanzu kina shan magani. Wannan jimla ɗaya za ta iya hana wani dainawa.

Sunayen maigidanki, 'ya'yanki da ma'aikatan asibiti ba naki ba ne ki bayar. Ki nemi izininsu ko ki cire.

Ki kuma shirya wa abin da zai biyo baya. Masu zagi kaɗan ne, kuma ana iya toshe su. Abin da ya fi gajiyar da mutane shi ne saƙonnin sirri na tsakar dare daga waɗanda ke cikin mawuyacin hali. Ki tanadi amsa guda tun yanzu, mai tausayi, wadda ke tura mutum asibiti mafi kusa, ko sashen gaggawa idan yana tunanin cutar da kansa. Ke ba likitarsu ba ce. Kwana biyun farko ki bar wani amintacce ya riƙa tace miki martani.

Tambaya daga wani mai karatu: Ƙanena ya yi taɓin hankali, mu muka yi jinyarsa. Zan iya ba da labarin don wayar da kan masu jinya?

Amsa: Malam, wahalar jinya taka ce, kana da ikon faɗinta, amma ciwon nasa ne. Ka nemi izininsa a lokacin da yake cikin hayyacinsa, ka nuna masa rubutun gaba ɗaya, ka ba shi kwanaki ya yi tunani. Idan ya ƙi, ka bari. Cire sunansa bai isa ba, don duk wanda ya san ka ya san ƙanenka. Hoto ko bidiyonsa na lokacin da ciwon ya tashi kuwa, kada ya fita ko da ya yarda.

Tambaya daga wata mai karatu daban: Bara na ba da labarin warkewata, mutane suka yi ta yabo. Yanzu ciwon ya dawo, ina jin kunyar komawa asibiti.

Amsa: 'Yar'uwa, ba ki yi wa kowa ƙarya ba. Kusan rabin waɗanda suka yi ciwon damuwa sau ɗaya sukan sake yi, shi ya sa ake so a ci gaba da magani aƙalla wata shida bayan an ji sauƙi. Masu bibiyarki ba su bin ki bashin bayani. Ki ajiye wayar, ki ga likita a cikin wannan satin, ki gaya masa ko kin daina maganin da kuma yaushe. Idan tunanin cutar da kanki ya zo, ki gaya wa na kusa da ke, ku tafi asibiti yau.